Jagorar Tara Tsofaffin Wuƙaƙen Aljihu na Amurka

Wuƙar farko da na saya don ajiya, ba don yanka komai ba, a wata kasuwar gwanjo ta ranar Asabar na same ta, a wani ƙauye na jihar Fensilbaniya. Wani dattijo ne ya baje kayansa a kan tebur: tsofaffin makullai, fitilun ƙwai, da wani akwatin katako maƙil da wuƙaƙe masu naɗewa. Na kai hannu ga wadda ta fi sheƙi. Bai ce mini uffan ba, sai ya zaro wata daga ƙasan akwatin, mai mariƙin ƙashi ja-ja da ya sha hannu, ruwanta ya yi toka-toka. Ya buɗe ta dab da kunnena, ta ce ƙas, ya rufe, ta sake cewa ƙas. Sannan ya miƙo mini gilashin ƙara girma, ya nuna mini gindin ruwan wuƙar, inda aka buga tambarin kamfanin Case, wato CASE XX da U.S.A., ga ɗigo bakwai a jere a ƙasansu. Ɗigon nan bakwai su ne takardar haihuwarta, 1973. Mai sheƙin kuwa, da na ƙura mata ido, ashe da inji aka goge ta har rubutun jikinta ya fara shafewa, darajarta ta tafi tare da tsatsar.

Tun ranar na gane cewa a wannan harka ido da kunne da yatsa ake fara tarawa kafin a tara wuƙa. Wanda ya iya karanta wuƙa zai yi tarin kirki da kuɗi kaɗan. Wanda bai iya ba, ko da buhun dala ya shiga kasuwa, jabu da gogaggu zai kwaso.

Ɗan tarihin da ba a rasa shi

Har tsakiyar ƙarni na 19 yawancin wuƙaƙen aljihu na kirki da Amurkawa ke riƙewa daga garin Sheffield na Ingila ake kawo su, wasu kuma daga Solingen ta Jamus. Maƙeran Sheffield da suka yi ƙaura ne suka kafa New York Knife Company a 1852, suka koma garin Walden a 1856. Abin da ya ɗaga sana'ar sosai shi ne dokar haraji ta 1890, wadda ake kira da sunan McKinley: ta tsadantar da wuƙaƙen waje, ta kuma wajabta a riƙa rubuta sunan ƙasar da aka ƙera kayan da ake shigowa da su a jikinsu. Daga nan masana'antu suka yi ta tsirowa a jihohin Niyok, Fensilbaniya da Kanetikat. Shekarun da suka biyo baya har zuwa 1940 su ne masu tara wuƙa suka fi ji da su, domin a lokacin ƙashi na gaske ne, ƙarfe mai kyau, aikin kuma na hannu.

Yau da yawan waɗancan gidaje sun rufe. New York Knife ta durƙushe a 1931. Schrade ta rufe masana'antarta ta Ellenville a 2004, Camillus ta bi sahu a 2007, Queen ta garin Titusville ta tsaya a 2018. Wasu sunayen an saye su ana ci gaba da buga su a kan wuƙaƙen da ake ƙerawa a ƙasar Sin. Ka riƙe wannan a ranka, don shi ne tarkon farko da sabon shiga yake faɗawa.

Mataki na farko: zaɓi layi ɗaya ka tsaya a kai

Ba a taunar taura biyu a lokaci guda. Kamfanonin da suka ƙera wuƙar aljihu a Amurka sun kai ɗaruruwa, kuma ba mai iya sanin tambarinsu duka. Wasu kamfani ɗaya suke bi, wasu siffa ɗaya daga kamfanoni daban-daban, wasu kuma zamani ɗaya, misali wuƙaƙen da aka yi wa sojoji a Yaƙin Duniya na Biyu, ko na yaran sikawut.

In ka tambaye ni, zan ce ka fara da ɗaya cikin biyu. Ko dai wuƙaƙen Schrade masu suna Old Timer da aka yi a Amurka kafin 2004, ko kuma Case na shekarun 1970. Na farkon suna da yawa, ba su da tsada, ba kowa ke ɓata lokacinsa wajen yi musu jabu ba, ga ƙarfensu mai lamba 1095 yana ɗaukar kaifi kamar askar wanzami. Na biyun kuma shekararsu a rubuce take a jikinsu, don haka kana saye kana koyo. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ka fara da Remington mai alamar harsashi ko tsohuwar Winchester. Ta asali mai lafiya tana da tsada sosai, kuma duk inda kuɗi ya taru, nan mayaudara suke shimfiɗa tabarma.

Mataki na biyu: san sassan wuƙa da sunayen siffofinta

Ɗauki kowace wuƙa mai naɗewa ka juya ta. Akwai ruwan wuƙa, da gindinsa mai kauri inda ƙusa ta ratsa, nan ake buga tambari. Akwai gurbin farce, wanda ake sa farce a ja. A bayanta akwai sifirin, dogon ƙarfen da yake riƙe ruwan a buɗe ko a rufe. Ciki akwai siraran faranti na tagulla ko farin ƙarfe, a kansu aka ɗora mariƙi na ƙashi, ƙaho, katako ko roba. A kai da gindi akwai hulunan ƙarfe, a tsakiyar mariƙin kuma sau da yawa akwai 'yar garkuwa mai sunan kamfani. A rufe ake auna tsawon wuƙa, kuma da inci.

Siffofin kuwa kowace da aikin da ya haife ta, shi ya sa nake son su. Stockman wuƙar makiyayi ce mai ruwa uku: dogo mai tsini na aikin yau da kullum, mai miƙaƙƙen baki na yankan igiya da fata, da gajere mai dunƙulallen kai da aka yi don fiɗiyar dabbobi, ba shi da tsini don kada a soki dabba in ta zabura. Trapper ta mafarauta ce, ruwa biyu dogaye a gefe ɗaya, ta fiɗa. Ta kamfanin Case tsawonta inci 4 da ɗaya bisa takwas. Barlow asalinta daga Sheffield ne, ana gane ta da doguwar hular ƙarfe a kai, kuma ita ce wuƙar talaka da yara a karkarar Amurka. Ta kamfanin John Russell, mai harafin R da kibiya ta ratsa shi, ita ce sarauniyarsu. Akwai Peanut, 'yar ƙarama da ba ta cika inci 3 ba. Ƙaramin ruwan nan da ke jikin wuƙaƙe da yawa kuwa, don fiƙe alƙalamin gashin tsuntsu aka ƙirƙiro shi tun zamanin da, aiki ɗaya da wanda almajiri yake yi in ya zauna fiƙe alƙalamin kara.

Mataki na uku: karanta tambari

A nan zan daɗe, don nan ne ilimin yake.

Case ta fi kowa sauƙaƙa wa mai tara wuƙa. 'Yan'uwa huɗu ne suka fara sayar da wuƙaƙe a kan keken doki a 1889 a yankin Little Valley na jihar Niyok, kamfanin W.R. Case & Sons kuma ya zauna a garin Bradford tun 1905, yana can har yau, a ƙarƙashin kamfanin Zippo tun 1993. In ka ga CASE TESTED XX, wuƙar ta wajen 1920 zuwa 1940 ce. CASE XX kaɗai, daga 1940 zuwa 1964. In an ƙara U.S.A. a ƙasa ba ɗigo, 1965 zuwa 1969. A 1970 suka zuba ɗigo goma a ƙarƙashin U.S.A., kowace shekara su cire ɗaya, har ya rage ɗaya tak a 1979. A 1980 suka sake komawa goma, amma suka mayar da harafin S kamar walƙiya, suka kuma ɗaga ɗigon zuwa tsakanin layukan rubutun biyu. Saboda haka ƙirga ɗigo kaɗai bai isa ba, sai ka duba siffar S da mazaunin ɗigon, in ba haka ba ka sayi 'yar 1983 da kuɗin 'yar 1973. Ka yi ƙirgar da gilashi, cikin haske, domin datti yakan cike ɗigo, wani lokaci kuma hular ƙarfe takan ɓoye layin sai ka buɗe ruwan rabi.

Bayan tambari akwai lambar siffa, galibi a bayan gindin babban ruwa. Ɗauki 6254. Lamba ta farko kayan mariƙi ce: 6 ƙashi ne mai sassaƙa ko robar da aka sassaƙa kamarsa, 5 ƙahon barewa, 3 roba ruwan ɗorawa, 2 baƙar roba, 8 ɓawon kawa mai ƙyalli. Ta biyu yawan ruwa ce. Sauran kuma siffa: 54 Trapper ke nan. To in ka ga wuƙa mai lamba 5254 amma mariƙinta ƙashi ne, ko lambar ta ce ruwa uku kai kuma biyu kake gani, ka san an yi mata aiki, an ɗauko ruwan wata an dasa a jikin wata. Yawancin na zamanin TESTED ba su da wannan lambar sam, don haka rashinta a jikinsu ba laifi ba ne.

Schrade ita ma tana da zamani uku da ake gane su da sauƙi. SCHRADE CUT. CO. WALDEN daga kafuwarta a 1904 zuwa tsakiyar shekarun 1940; SCHRADE WALDEN daga nan zuwa 1973; sai SCHRADE da U.S.A. har zuwa 2004. Abin lura, sun bar Walden sun koma Ellenville tun 1958, amma suka ci gaba da buga sunan Walden shekara goma sha biyar. Old Timer da ba ka ga U.S.A. a gindin ruwanta ba, sabuwa ce ta bayan rufewar masana'anta, komai kamanninta da tsohuwar.

Remington, mai ƙera bindigogi, shekara ashirin kacal ta yi tana ƙera wuƙa da kanta, daga 1920 zuwa 1940, a garin Bridgeport. Tambarin da aka fi saninta da shi da'ira ce mai REMINGTON da UMC a ciki, lambobinta kuma da R suke farawa, kamar R1123, mai garkuwar harsashi. Daga 1982 aka dawo da waɗannan siffofi, Camillus ce ta riƙa ƙera su da izinin kamfanin. Waɗannan ba jabu ba ne, wuƙaƙe ne masu kyau, sai dai farashinsu da na asali kamar sama da ƙasa ne. Haka Winchester: na asali daga wajen 1920 ne zuwa farkon shekarun 1940, sannan aka sake fito da wasu a ƙarshen shekarun 1980.

Wani abu da ke ruɗa sababbin shiga: sunan da ke jikin wuƙa ba lallai shi ne na maƙerinta ba. Keen Kutter sunan kasuwanci ne na wani babban gidan sayar da kayan ƙarfe a St. Louis. Camillus ta yi wa kantunan Sears wuƙaƙe, ta kuma yi wa Buck, wani kamfanin wuƙa, ƙananan wuƙaƙenta na jerin 300 shekaru da dama. Wannan ba aibi ba ne, haka sana'ar take.

Mataki na huɗu: duba wuƙar kanta, kada tambari ya rufe maka ido

Tambari shi ne abin da ya fi sauƙin ƙirƙira. Don haka ƙwararru wuƙar suke fara karantawa, tambari ya zo daga baya a matsayin shaida na ƙarshe. Ka tanadi gilashi mai ƙara girma sau goma, 'yar tocila, da ma'auni.

Fara da ita a rufe. Tsinin babban ruwa ya kamata ya kusa kaiwa ƙarshen raminsa. In ka ga fili mai yawa, ko dai ya karye an sake fiƙe shi, ko wasawa ta cinye shi. In tsinin ya leƙo waje har yana kama yatsa, cikin ruwan ya zaizaye ke nan. Juya bayanta ka ɗaga ta ga haske: sifirin da faranti su haɗu ba gibi, kuma sifirin ya kwanta daidai da jiki, a buɗe da a rufe.

Sai ka buɗe, ruwa ɗaya bayan ɗaya. Kada ka taɓa buɗe biyu da ke kan sifirin ɗaya a lokaci guda, yana iya karya shi, kuma mai kaya ba zai ji daɗinka ba. Ji yadda ruwan yake tafiya a yatsanka, ba tsayawa ba gurzawa, sannan ka saurari ƙarar shigarsa. Amurkawa suna cewa wuƙar kirki tana tafiya tana magana. Wadda ta rufe shiru kamar an ajiye tsumma, sifirinta ya mutu. Kama tsinin a hankali ka girgiza hagu da dama; in yana rawa, ƙusar ta saki.

Yanzu ga fuskar ruwan. Masana'anta takan bar ko dai sheƙi mai zurfi kamar madubi, ko siraran layuka a jere da suka gangaro daga baya zuwa baki. Wadda aka goge da inji daga baya tana da wani irin ƙyalli mai santsi kamar an lashe ta: kusurwoyin da ya kamata su tsaya cak sun dunƙule, bakin gurbin farce ya narke, haruffan tambari sun ja wutsiya gefe ɗaya, in ka karkata ta ga haske kuma za ka ga ƙananan ramukan tsohuwar tsatsa suna nan a ƙarƙashin sheƙin. Tsohuwar wuƙa mai launin toka da ba a taɓa ba ta fi wannan daraja nesa ba kusa ba.

Jabu kala uku na fi gani. Na farko, a samo wuƙa mai araha a kankare tambarinta a buga na babban kamfani. Gane ta ba wuya: gindin ruwan ya fi sifirinsa sirantaka, alhali a masana'anta kaurinsu ɗaya. Ƙari a kan haka, kamfani yana buga tambari ne tun ƙarfen yana da taushi, kafin a gasa shi, sai haruffan su nutse sumul da zurfi ɗaya. Wanda aka buga a kan ƙarfen da ya riga ya taurare yakan fito sama-sama, wani harafi ya nutse wani ya ɗago, jerin ma ya karkace. Na biyu, a yi wa tsohon gindi mai tambarin gaske waldar sabon ruwa. Duba wurin haɗuwar za ka ga launin ya bambanta ko wani ɗan layi. Na uku, haɗa-haɗa: ruwa daga nan, mariƙi daga can. Ƙa'idar a nan ita ce duk sassan wuƙa tare suke tsufa. In mariƙin ya sha aljihu har sassaƙarsa ta lafe amma ruwan sabo fil, ko ƙusoshin suna ƙyalli da sawun guduma a kansu, to akwai magana.

Mariƙi ma sai an duba. Tsagewa takan fara daga bakin ƙusa, siririya kamar gashi, sai da gilashi. Ƙashi na gaske yana da ƙananan ƙofofi da jijiyoyi, launinsa ba ya zama ɗaya daga gefe zuwa gefe, yana da sanyi a hannu. Robar Delrin, wadda ta shigo a shekarun 1960, launinta bai ɗaya ne, sassaƙarta kuma iri ɗaya a kowace wuƙa. Kada ka yarda da masu cewa a gwada da allura mai zafi. Ramin da za ta bari ba ya gyaruwa.

Mataki na biyar: ciniki da kawo kaya gida

Wanda yake zaune a Amurka ya samu gata: kasuwannin gwanjo na ƙarshen mako, gwanjon kayan gidan mamaci, shagunan kayan tarihi, da baje kolin wuƙaƙe, wanda mafi girmansu shi ne Blade Show da ake yi a birnin Atlanta kowace shekara a watan Yuni. Je ka taɓa wuƙaƙe ɗari kafin ka sayi ɗaya, gani ya kori ji. Dattawan da ke bayan teburan nan suna son mai tambaya, muddin ka nemi izini kafin ka ɗauka, ka goge sawun yatsanka, ka mayar da ita yadda ka same ta.

Saye ta intanet kuwa cinikin biri a sama ne sai ka yi hattara. Nemi hoton gefe biyu a rufe, hoton baya, hoton kowane ruwa a buɗe, da hoton tambari na kusa. Wanda ya turo hoto mai hazo ya ce kyamararsa ce, bar masa kayansa. Kada ka auna farashi da abin da masu sayarwa suke nema. A eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, akwai wurin da ake duba abin da aka riga aka sayar da nawa aka biya, wannan shi ne farashin kasuwa na gaskiya. Ka tabbata akwai damar mayarwa. In ka ga Remington mai harsashi sabuwa dal a kuɗin Old Timer, kada zuciya ta raya maka cewa kai kaɗai Allah ya nuna wa. Dubban idanu sun gan ta kafin kai, sun wuce.

Gara wuƙa ɗaya mai cikakken ruwa da guda biyar cinyayyu. Kwalin asali da takardar da aka naɗo ta ciki suna ƙara daraja, kada ka yar.

In gida za ka kawo su, Kano ko Zinder ko Kumasi, ka sani ba a shiga jirgi da wuƙa a jakar hannu, sai a akwatin da ake aunawa. 'Yan kasuwa da yawa ba sa aika wuƙa ƙasar waje, saboda haka tambaya tun kafin ka biya, ka kuma nemi bayanin kwastan na ƙasarka. Iri biyu ka nisance su gaba ɗaya: masu buɗewa da danna maɓalli, waɗanda dokar tarayyar Amurka ta 1958 ta taƙaita cinikinsu, da masu mariƙin hauren giwa ko ƙoƙon kunkurun teku, waɗanda yarjejeniyar CITES, ta kare dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta hana cinikinsu tsakanin ƙasashe. Kuma tarin wuƙa a gida yake zama. Yawo da ita a kasuwa ko taron biki jawo wa kai tambayar da ba ta da amfani ne.

Mataki na shida: tsaftacewa, wato sanin inda za ka tsaya

Na taɓa kawo wata Schrade Walden mai ruwa uku gida, ruwanta ya yi baƙin tsufa mai kyau, irin wanda shekara hamsin na yankan tuffa da igiya ke bari. Na ajiye ta a kan tebur na fita. Ƙanena ya gan ta, ya ji tausayina, ya ɗauka ya kai wa mai wasa wuƙa da ke zagayawa da dutsensa a unguwa. Da yamma ya miƙo mini ita yana murmushi. Ruwan uku sun yi fari tas, sawun dutse ya ratsa su gicciye, babban ya rage faɗi, tsininsa ya yi shuɗi saboda zafi. Da kyakkyawar niyya ya yi, mai wasawar ma aikinsa ya yi yadda ya saba yi wa wuƙar mahauta. Na yi masa godiya, amma raina ya daɗe bai daina ciwo ba, don abin da dutsen ya ci cikin minti biyu babu maƙerin da zai mayar da shi. Garin gyaran gira aka rasa ido. Tun daga nan nake gaya wa mutanen gida abin da ke cikin akwatina da dalilin da ya sa ba a taɓa shi.

Abin da ya halatta kaɗan ne. Tsinken sakace da auduga don fitar da dattin aljihu daga rami. Ɗigo ɗaya na farin mai, irin man keken ɗinki, a mahaɗa, ka buɗe ka rufe har baƙin ruwa ya daina fitowa, ka goge. Jar tsatsa mai rai, wadda take ci gaba da ci, ita ce kaɗai abokiyar gaba: jiƙa ta da mai ta kwana, sannan ka kankare a hankali da bakin fensir ko wani abu na tagulla, wanda bai kai ƙarfen tauri ba. Baƙi ko tokar da ta kwanta lafiya a kan ruwa kuwa ka bar ta, kariya ce. Ban da samfefa, ban da inji, ban da jiƙawa a ruwa. In akwai zanen rubutu na masana'anta a fuskar ruwan, ko man goge ƙarfe kada ya kusance shi, shafa biyu ya isa ya tafi da shi. Wuƙar da ba a taɓa wasawa ba tun daga masana'anta, kada kai ka zama na farko. In kana son ta aiki, ware guda ɗaya mai araha ka riƙa yanka lemo da ita.

Mataki na bakwai: ajiya

Akwai wani mariƙi da ya kamata ka sani tun kafin ya cuce ka, shi ne seluloyid, tsohuwar robar da aka yi yayinta daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa tsakiyar na 20. Ita ce mai launuka masu ɗaukar ido, ratsi-ratsi kamar alewa, ko mai kwaikwayon ɓawon kawa. Kyan ɗan maciji ne da ita. In ta fara lalacewa tana fitar da tururi mai asid da ke cin ƙarfe, ba nata kaɗai ba, har na maƙwabtanta. Alamunta: mariƙin ya janye daga bakin hular ƙarfe, ya tsattsage ko ya yi gumi, tagulla ta yi kore, wani wari mai tsami ya tashi, tsatsa kuma ta kama daidai sashen ruwan da ya leƙo daga rami ta bar wanda ke ciki. Ba ta da magani, zafi kuma yana gaggauta ta. Irin waɗannan a ware su can daban, a wuri mai iska da inuwa, ba cikin rufaffen akwati ba. Wadda ta fara, a fitar da ita daga ɗakin a ranar.

Yanayinmu yana da nasa sharaɗi. Da damina laima ke tayar da tsatsa, sawun yatsa ɗaya ya isa ya zauna a ruwan wuƙa cikin kwanaki kaɗan. Da hunturu kuma bushewa ke sa ƙashi da ƙaho su tsuke su tsage a bakin ƙusa. Zafin bazara a ɗaki mai rufin kwano ba ya yi wa kowace roba daɗi. Nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, aljihun tebur na katako da aka shimfiɗa wa ƙyallen auduga, kowace wuƙa a rufe, ba ta taɓa 'yar'uwarta. Da damina ka sa 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, in hunturu ya kama ka cire su. Kada ka bar wuƙa cikin kuben fata, sinadarin jima yana jawo tsatsa. Siririn shafin mai ko kakin adana kayan tarihi a kan ruwa ya wadatar, ba sai ta yi naso ba.

Sai littafi. Kowace wuƙa ta samu shafinta: kamfani, lambar siffa, tambarin yadda yake harafi da harafi, tsawo, kayan mariƙi, aibinta ba ɓoyewa, ranar saye, wuri da farashi, da hoto a waya. Wannan shi zai hana ka sayen abu ɗaya sau biyu, shi zai nuna maka ko tsagewar da ka gani yau sabuwa ce, kuma shi magada za su duba ranar da ba ka nan, kada a kwashi tarin shekaru a kai wa mai gwangwan a kilo. Ni ranar Juma'ar farko ta kowane wata, bayan la'asar, nake fito da nawa. In buɗe kowace, in saurari ƙararta, in shinshina masu seluloyid, in goge da ƙyalle, in rubuta kwanan wata a gefen shafinta.